Kitson Uwaliya

Ni dai kifi na kai mata, ba wani abu ba. Tun da aka tare ruwa a Goronyo nake sarin kifi a bakin dam, in kyafe, in zaga ƙauyuka. Ran nan na keɓe wa ƙanwata Uwaliya manyan tarwaɗa, don an ce mini ta rame, na hau motar Kagara, inda take aure, bayan la'asar.

Mijinta Mode, tun da ya samu gonar albasa da injin ban ruwa, fadama ta zama gidansa. Sai ya yi kwanaki bai leƙo ba. Amma kishi kamar ya kashe shi. Ya ƙara wa katanga tsawo, ya hana ko ƙanen mahaifinmu wuce zaure. Na tarar da shi bakin hanya yana ɗinke buhuna, na ce masa matarsa na ƙarewa, shi yana nan yana shinshinar albasa. Ya ce lafiyarta lau, har ƙawa ta yi, wata mai kitso da ke zuwa kullum da yamma ta yi mata layi ɗaya ta tafi. Na tambaye shi ɗiyar wa ce, daga wane gari. Bai sani ba.

"Haba Yaya Fatsuma, mace ta fa," ya ce. "Mi mace ka yi ma mace?"

Na gaya masa wata kalma da ba zan rubuta ba, na wuce.

Rana ta yi ja sa'ad da na isa gidan. Na yi sallama, shiru. Kaji ba su shiga akurki ba, sun cure a zaure, ko motsi. Murhu ba wuta. Wani ƙamshi ya doke ni, turare mai nauyi, a ƙarƙashinsa kuma warin laka, irin ta ƙasan ruwa wadda ba ta taɓa ganin rana ba. Bakin ruwa nake wuni, na san warin.

Suna bayan ɗaki kan tabarma. Uwaliya ta kwantar da kai a cinyar mai kitson, ido a lumshe, tana wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba, ko ranar aurenta. Ta yi fari fat kamar an shafe ta da toka. Matar kuwa doguwa ce, kyakkyawa, zanenta jiƙe sharkaf daga gwiwa zuwa ƙasa. Tana yi wa Uwaliya magana ƙasa-ƙasa a kunne. Muryar ba ta mace ba ce, ba kuma ta namiji ba. Ni da nake tsaye nesa sai da na ji ta har cikin cibiyata.

Ta ɗaga kibiyar kitso, ƙarfen nan mai tsini. Ta tsaga gashi, ta nutsa tsinin bayan kunnen Uwaliya. Jini ya tsatso. Ta sunkuya ta ɗora leɓe a wurin.

Na ji tana haɗiya.

Kan duk an kitse shi, ƙanana-ƙanana, sai layi ɗaya a ƙeya. Ba wanda ya gaya mini, amma na san in ta gama wannan, gawa zan ɗauka.

"Tashi, Uwaliya."

"Yaya, bari ta ida," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Ba a barin kitso rabi."

Matar ta ɗago, leɓenta ja. Ta dube ni daga sama har ƙasa, a hankali, irin kallon da rabona da shi tun mutuwar mijina.

"Ke ma kitsonki ya tsufa," ta ce. "Wa ka taɓa ki?"

Wallahi sai da na yi taku zuwa tabarmar, hannuna na kan ɗankwali.

Kwandon kifina ya suɓuce. Wuƙar gyaran kifi ta faɗo ta yanke ni a ƙafa.

Zafin ne ya dawo da ni.

Na suri wuƙar, na yi bisimilla da ƙarfi, na finciko Uwaliya, na kama kitson na dinga yanka. Tana ihu, tana cizona. Duk layin da na yanke sai ruwa ya zubo, mai sanyi, mai wari.

Da na waiga, babu matar, tabarma ce kawai, jiƙe. Sawun ruwa ya bi ta zaure ya nufi fadama.

Uwaliya ta rayu. Da Mode ya zo ya ga kanta ba gashi, abu ɗaya ya tambaya, ko namiji ya shigo gidan. Na ce a'a. Ya yi hamdala ya koma wajen injinsa. Ita kuwa ta daina gaishe ni. Rana na yin ja sai ta shimfiɗa tabarma ta zuba wa zaure ido. Sau ɗaya ta yi mini magana, ba ta ko dube ni ba.

"Ita ɗai ta taɓa tambaya ta mi nike so."

Shekaranjiya na tashi da safe, na kai hannu zan ɗaura ɗankwali, na ji layi ɗaya bayan kunnena, sabo, an kitse shi tsaf. Wurin na ɗan zafi.

Wuƙar na nan cikin kwando. Ban yanke shi ba tukuna.