Minti Huɗun Balkissa

A layin neman biza Balkissa ta fara ganin Issoufou. Takardunsa suka zube, ita ta tsince masa. Ashe taro guda za su a Turai, na masu binciken kwamfutar kwantum, injin da ke lissafi da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Shekara uku ta kashe tana neman hanyar rage kurakuransa, kuma ita kaɗai aka gayyata ta yi magana daga Nijar. Shi kuwa sauraro zai je, da burs ɗinsa, wato kuɗin tallafin karatu.

Kafin amsar biza ta fito sun shaƙu, har yana kiranta Tauraruwata.

Shi aka ba, ita aka hana. Wai ba su tabbata za ta dawo ba. Kai, duniya!

Ta danne zuciya, ta ba shi aikin ya karanta a madadinta. Da jadawalin taro ya fito, sai ga sunansa a kan aikin, nata ko alama. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Mahaifinta, Malam Hamidu tela na Zongo, ya tsayar da keken ɗinki. "Ya ci guminki tun kafin aure? Kada ya sake taka mini ƙofa."

Saƙo ya shigo: "Tauraruwata, wallahi ba ni na sa ba. Sun ce sunan wanda ya zo kawai suke rubutawa. Gobe ƙarfe goma ki riƙe wayarki."

Duk da fushinta, washegari ta riƙe.

Ƙarfe goma ya kira ta bidiyo. Ta ga zaure cike da farfesoshi, ta ji muryarsa yana cewa: "Ko layi ɗaya ban rubuta ba. Ga mai aikin, Balkissa Hamidu, daga Yamai."

Minti huɗu ta yi tana bayani, sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, intanet ya tafi da shi. Sauran bai kai kunnen kowa ba. Masu burs suka ce ya kunyata su, suka janye tallafi. Issoufou ya dawo hannu rabbana, ya je ya durƙusa a shagon mahaifinta.

Malam Hamidu ya daɗe yana dubansa. "Me ka samo, ɗana?"

"Ba komai, Baba. An dai ji muryarta."

Tsohon ya share ido. "Turo magabatanka."

A ƙofar shagon aka ɗaura auren, ba kiɗa, ba taron jama'a. Da shaidu suka watse ta tambaye shi a hankali, "Angona, ka yi nadama?"

"Ɗaya kawai. Ban ji ƙarshen bayanin ba."

Ta zaunar da shi, ta ɗora daga inda ta tsaya, hawaye na zuba.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya buɗe musu ƙofar da mutane suka rufe.