Ranar da Sumire Ta Sauka a Matakala

A wajenmu, gidan da ke da ɗan jarrabawa yana da kalmar da ba a furtawa. Kalmar ita ce "faɗi". Ƙanwarta kuma ita ce "zame". Da zarar sanyin Fabrairu ya shigo, sai kowa ya riƙa lura da bakinsa.

A gidan wana abin ya fi na ko'ina tsanani. Idan cokali ya kuɓuce daga tebur, ba a cewa ya faɗi. Sai dai a ce, "Cokali ya sauka." Matarsa Kanae ce ta kafa wannan doka. Ni dai dariya abin yake ba ni, amma a gidan mutane nake, sai na bi.

Na zo ne in taya su aikin gida, domin babban ɗansu ya zana jarrabawar shiga sakandare. Shekararsa goma sha biyu. Tun yana aji huɗu yake zuwa lesin yamma. Makaranta ɗaya ya ƙwallafa rai a kanta, wata mai na'urar kallon taurari a saman bene. Yara da yawa ke nemanta, kaɗan take ɗauka.

Ranar da aka kafe sakamako, lambarsa ba ta cikin waɗanda aka ɗauka. Tana cikin masu jira. Wata malama ta yi wa iyayen bayani.

"Idan wani yaro ya bar gurbinsa, za mu kira ku a waya," in ji ta. "Amma ku daure ku ɗauka da wuri. Akwai wasu a bayanku."

Daga ranar nan waya ta zama sarauniyar gidan. Kanae ba ta rabuwa da ita. Da ita take girki, da ita take shanya. Ko banɗaki za ta shiga, sai ta kai ta bakin ƙofa. Ta hana kowa kiranta, kada makaranta ta kira ta tarar ana magana.

"Kanae, ki ci abinci mana," in ji wana. "Ko ba su kira ba, ga makarantar unguwa. Ni ma can na yi."

"Shi ya sa nake jiran wayar," in ji ta.

Na yi dariya har na ƙware. Yaron kuwa ko murmushi bai yi ba. Kwanakin nan ba ya wasa, ba ya hira. Da ya ji wani abu ya yi ƙara, sai ya zabura. Tausayi yake ba ni sosai.

Yana da ƙanwa, sunanta Sumire, 'yar aji ɗaya. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo. Wata rana da yamma muna cin shinkafa da gasasshen kifi, sai ta fara ba mu labarin makaranta.

"Gwaggo, kin san me? Yau Genta ɗan ajinmu yana gudu, yana gudu, sai ya zame ya faɗi, tim!"

Duka kalmomin biyu ta haɗa a numfashi ɗaya.

Yaron ya buga kwanonsa a tebur.

"Ke wace irin yarinya ce? Ba ki da hankali ne?"

"Yaya, mantawa na yi."

"Kullum mantawa! To, bari ki ji. Idan ba su kira ba, ke kika jawo. Kuma ba zan ƙara yi miki magana ba har abada."

"Kai, ya isa haka," in ji wana.

Kanae ta dubi wayarta, ta dubi yarinyar. "Sumire, ai an gaya miki," in ji ta.

Sumire ta sunkuyar da kai. Ba ta yi kuka ba. Ta ci sauran shinkafarta shiru, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Washegari dusar ƙanƙara ta zuba, ta daskare a matakalar gidan. 'Yan aji ɗaya sun riga kowa tashi daga makaranta. Sumire ta dawo ita kaɗai. Tana hawa matakala, ƙafarta ta kwashe. Ta zo ƙasa da dukan nauyinta a kan hannun dama. Ba wanda ya gani.

Ta shigo gida fuskarta ta yi fari fat. Ta tsaya a bayan uwarta a kicin.

"Mama."

"Na'am?"

"Yau na sauka a matakala."

"To, ai kullum sauka kike yi," in ji Kanae. Idonta na kan waya.

"A'a, Mama. Na sauka sosai."

"Madalla. Je ki wanke hannu."

Yarinyar ta ɗan tsaya. Sannan ta juya ta tafi.

Da lokacin cin abinci ya yi, ba ta ɗauki tsinkayen cin abinci ba. Cokali ta nema, ta riƙe da hagu. Ta ce ba za ta yi wanka ba, sanyi take ji. Ta ƙi cire rigar sanyinta mai dogon hannu. Manya uku a gidan nan, amma duk idonmu yana kan abu guda.

Da safe Kanae ta ce wa yaron, "Hanya da santsi. Ka tafi tare da ƙanwarka."

Ya ɓata rai. Ya wuce gaba yana sauri, ita kuma tana bin sa a baya a hankali. Da suka iso mararraba, fitila ta ba masu ƙafa hannu. Ya juyo ya cafki hannunta.

"Yi sauri mana!"

Sumire ta ƙwalla ƙara. Ta durƙushe a bakin titi.

Yaron ya tsorata. Ya ja hannun rigarta sama a hankali. Wuyan hannunta ya kumbura, ya yi baƙi-baƙi.

"Me ya same ki?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"Sumire, gaya mini!"

"Na gaya wa Mama," in ji ta. "Na sauka a matakala."

Ya tsaya yana kallonta. Sai a lokacin ya gane.

"Tun jiya?"

"Tun jiya."

"Me ya sa ba ki yi magana yadda za a gane ba?"

"Idan na ambaci kalmar, ba za su kira ba," in ji ta. "Kuma ka ce ba za ka ƙara yi mini magana ba."

Ya karɓi jakarta ya rataya a gaba. Ya goya ta a baya. Ya juya gida yana haki.

Ina share bakin ƙofa na gan su. Bai ko cire takalmi ba, ya faɗa cikin gida.

"Mama! Sumire ta faɗi! Ta zame ta faɗi a matakala tun jiya! Hannunta ya kumbura!"

Kanae ta fito da gudu. Da ta ga hannun, sai ta dafe baki. Wayar nan da ta hana kowa taɓawa, ita ta ɗauka ta kira tasi. Ta kira mijinta a ofis. Ta jefa ta cikin jaka, suka fita su uku. Ni aka bari da gadin gida. Abin da ya faru a asibiti, su suka ba ni labari.

An ɗauki hoton hannun. Likita ya ce ƙashi ya tsage, sai an gyara an ɗaure.

"Zai yi zafi kaɗan," in ji shi. "Yaushe abin ya faru?"

"Jiya da rana," in ji Kanae, muryarta ƙasa-ƙasa.

Likitan ya ɗaga kai ya dube ta.

Kanae ta zauna ta ɗora Sumire a cinya, ta rungume ta. Sumire ta miƙo hannunta na hagu.

"Yaya, riƙe ni. Kada ka saki."

"Ba zan saki ba," in ji shi.

Ya riƙe ta da hannu biyu. Likita ya fara aiki. Sumire ta runtse ido, ta matse yatsun wanta.

A daidai lokacin nan, waya ta fara ruri. Jakar tana can kan kujera a bakin ƙofa.

Yaron ya dubi uwarsa. Uwar ta dubi ɗanta. Taku kaɗan ne tsakaninsa da jakar.

"Yaya, waya," in ji Sumire cikin kuka. "Je ka ɗauka."

"Bar ta," in ji shi. "Ina nan."

Wayar ta yi ta ruri har ta gaji ta yi shiru.

Da aka gama ɗaure hannun, suka fito baranda. Kanae ta ciro wayar. Lambar makarantar ce. Ta kira, aka ce ana magana a layin. Ta sake kira, haka dai.

"Wataƙila na bayanmu suke kira," in ji yaron.

Ya zauna a benci. Ya yi ta ƙoƙarin danne kuka, amma hawaye suka ƙi. Shekaru yana karatu saboda wannan kira, ga shi ya wuce a gabansa.

Sumire ta matso. "Ni na jawo, ko?"

Ya share ido da sauri. "A'a. Ba ke ba ce. Ko ba su ɗauke ni ba, ba ke ba ce. Ni ne na yi miki mugun baki. Tsoro nake ji, sai na huce a kanki. Ki yi haƙuri."

"Za ka riƙa yi mini magana?"

"Har sai kin gaji."

"Ba na gajiya," in ji ta.

Kanae ta durƙusa a gabansu. Ta kifa wayar a benci.

"Ni ma ku yafe mini," in ji ta. "Kin zo kin gaya mini, ban ko ɗaga kai ba. Daga yau an soke dokar nan. Duk wanda ya ji ciwo, ya gaya mini da sunan abin."

"Ko da faɗi ne?" in ji Sumire a hankali.

"Ko da faɗi ne."

Suna nan zaune sai ga wana ya shigo da gudu. Kwat ɗinsa a hannu, gumi na zuba duk da sanyin nan. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban 'yarsa.

"Ina hannun? Mu gani. Sannu, 'yar baba. Da zafi?"

"Ya ragu," in ji Sumire.

Ya shafa kanta. Ya yi ta tambayar abin da likita ya ce. Sai da ya gamsu sannan ya juya wajen ɗansa.

"Kai kuma me ya sa idonka ya yi ja?"

"Baba, sun kira. Ba mu ɗauka ba."

"Na sani," in ji wana. "Da ba su samu uwarka ba, ni suka nema. Ina cikin jirgin ƙasa, ba damar amsa waya. Sai na dira a tashar gaba. Na tsaya a dandamalin tashar muka yi magana. Ina ta rusuna wa waya, mutane na kallona."

Kanae ta miƙe tsaye. "Malam, ka bar zancen dandamali. Me suka ce?"

Wana ya yi murmushi. "Sun ce gurbi ya samu. Na ce muna so."

Yaron bai yi tsalle ba. Ya zauna kamar bai ji ba. Can sai ya kifa kai a kafaɗar ubansa ya fashe da kuka. Kanae ma ta taya shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta ɗauka wani mugun labari aka kawo.

Da suka dawo gida, na dafa musu shinkafa da jan wake, abincinmu na ranar murna. Yaron da kansa ya riƙa ba ƙanwarsa a baki. Rabin shinkafar a tebur ta ƙare, amma ba wanda ya yi faɗa.

Yara, ku riƙe wannan. Kalma ba ta ba da jarrabawa, ba ta kuma hana ta. Amma maganar da kuka yi wa ɗan'uwanku cikin fushi tana iya rufe masa baki a ranar da ya fi bukatar taimako. Idan kuna cikin damuwa, ku faɗa wa iyayenku, kada ku huce a kan na ƙasa da ku.

Sumire ta haɗiye loma, ta dubi wanta.

"Yaya, har da na faɗi, suka kira?"

"Har da kin faɗi," in ji shi. "Buɗe baki, ga wata."