Wayar da Aka Naɗe a Garejin Tsatsa

Ranar Alhamis ce a tsakiyar Janairu, kuma tun ƙarfe takwas na safe kwalta ta fara laushi a Wollongong, can ƙasar Ostireliya, inda Janairu ne tsakiyar lokacin zafi. Iska na busowa daga yamma da zafi, ɗauke da ƙaurin gobarar daji. An kwashe ƙananan 'yan sanda an kai su tare hanyoyi saboda wutar, shi ya sa rahoton satar jita ya faɗo kan teburin Sufeto Tolhurst, wanda ya shekara talatin yana aiki bai taɓa son kiɗan samari ba.

Ya iske mai ƙarar a ƙofar wani gareji bayan masana'antar ƙarfe. Darcy Velkovski sunansa, shi ke kaɗa bas a wata ƙungiyar kiɗan rok ta mutum uku mai suna Tsatsa. Waƙoƙin kansu suke yi, saboda haka masu zuwa kallonsu ba su cika wuce arba'in ba.

"Jita aka sace?" in ji Sufeto.

"Bas, yallaɓai."

"Mene ne bambancin?"

"Tsirkiyarta huɗu, muryarta da kauri. Ba a lura da ita sai ta yi shiru."

"To ta yi shirun. Ka ari wata mana."

"Ni bahago ne, yallaɓai. Duk garin nan bas ɗin hagu ba su kai uku ba. Ta kawuna Risto ce, da ita ya yi ta kiɗa a bukukuwan aure har ya rasu. Kuma jibi Asabar muna da wasa, masu shirya babban bikin kiɗa za su zo su saurare mu."

An ɓalle kwaɗon ƙofar. A ciki kuwa lasifika na nan, ganguna na nan, jita biyu na rataye a bango ba wanda ya taɓa su.

"Ɓarawon nan mai zaɓe ne," in ji Sufeto. "Wa ya fita ƙarshe jiya?"

"Ni. Ƙarfe bakwai muka tashi. Na jingina ta can, na kulle."

"Da wayar da ke haɗa ta da lasifika a jiki?"

"E. Ban cika zarewa ba, nan nake barin ta a ƙasa."

Sufeto ya dubi ƙasa, babu waya. Ya ɗaga kai ya gan ta rataye a ƙusa, an naɗe ta zobe-zobe, kowane daidai da ɗan uwansa, an kuma ɗaure.

"Wannan ce?"

Darcy ya dube ta, ya daɗe, sannan ya kau da kai. "Wayoyi duk kamarsu ɗaya, yallaɓai."

Sufeto ya ja tsaki ya rubuta a littafinsa.

Mai gangar ƙungiyar, Viliami, a shagon taya yake aiki. Sufeto ya same shi yana fama da ƙafar wata babbar mota, gumi ya jiƙa masa riga.

"Akwai rigima a ƙungiyarku?"

"Rigima? Ai mu 'yan uwa ne, yallaɓai."

"Darcy ya iya kiɗa?"

Viliami ya sosa ƙeya. "Mutumin kirki ne."

"Ba tambayata ke nan ba."

"Shi ke da motar da muke kwasar kaya."

"In ba a samu bas ɗin ba, ya za ku yi ran Asabar?"

"Sai mu fasa. Ba mu da wani." Da taya yake magana, ba da Sufeto ba.

Sufeto ya nuna masa wata doguwar waya a ƙasa ya ce ya naɗe. Viliami ya cukwikwiye ta kamar tsumma ya jefa a kwana. "Ni mai ganga ne. Ba ruwana da waya."

Daga nan Sufeto ya wuce mashayar da za a yi wasan. Mai wurin, wata dattijuwa Noeleen, tana goge kofuna a ƙarƙashin fanka.

"Tsatsa? Yaran kirki, ƙara kawai gare su," in ji ta. "Kowace ƙungiya ina ba ta abinci kyauta, kaza da soyayyen dankali. Amma sai a ba ni sunaye tun Litinin. In ba haka ba, mutum uku ne a dandamali, goma sha biyu a tebur."

Ta ciro takardar daga ƙofar kicin. Sunaye uku: Fraser, Viliami, Imogen. A gefen na ƙarshe an rubuta, ba ta cin nama.

"Wace ce Imogen?"

"Mai bas ce, tana koyarwa a makarantar kiɗa. Fraser, mawaƙinsu, ya ce ita za ta hau."

"Yaushe ya faɗa?"

"Na ce maka Litinin. Zafin nan ya toshe maka kunne?"

Ƙarfe huɗu Sufeto ya tara su a garejin. Fraser Quill ne ya zo ƙarshe, mawaƙin ƙungiyar kuma mai jitarta, wanda da rana yake haɗa lasifika a ɗakunan taro. Ya ajiye baƙar motarsa a rana, ya shigo ya dafa kafaɗar Darcy.

"Sannu, mutumina. Allah ya tona asirinsu."

"Yaushe ka kira Imogen?" in ji Sufeto.

"Yau da safe, da na ji abin da ya faru. Don kada wasan ya lalace."

Sufeto ya nufi bango. Ya sauke wayar daga ƙusa, ya kwance ta, ya watsar a tsakiyar ɗakin. Ya ci gaba da tambaya: ina ya kwana, ƙarfe nawa ya fita aiki, wa ya gan shi. Yana zagaye yana taka wayar da takalminsa.

Fraser na amsawa, amma idonsa na ƙasa. A tambaya ta huɗu ya kasa jurewa. Ya sunkuya ya ɗauke ta, bakinsa bai daina bayani ba, hannunsa na naɗewa, zobe ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa. Ya ɗaure, ya miƙa hannu ya rataye ta a ƙusar.

Viliami ya rufe fuska da tafin hannu.

"Shekara goma sha ɗaya kana yi min faɗa a kan wayar nan," in ji Darcy a hankali. "Tun safe na gane hannunka. Cewa na yi ko idona ne."

Sufeto ya ciro takardar Noeleen. "Tun Litinin ka san Imogen ba ta cin nama, Fraser. Ka ɓalle kwaɗon garejinku, ka ɗauki kayan mutum, amma ka kasa barin waya a ƙasa. Ina bas ɗin?"

Fraser ya zauna a kan lasifika. "Kana jan kiɗa baya, Darcy. Kowace waƙa. Mu muna gaba, kai kana can kana tahowa."

"Ka taɓa gaya min?"

"Ta yaya? Kai ka yi min babban aboki a bikina. Cewa na yi in babu bas, sai Imogen ta hau ran Asabar, ba wanda ya kori wani. Ran Lahadi kuma in ce na tsince ta a bayan juji."

Darcy ya juya ga Viliami. "Kai ma ka sani, Vili?"

"Imogen na sani. Kwaɗo ban sani ba, wallahi."

"Ban zo sasanta aure ba," in ji Sufeto. "Ina take?"

"A but ɗin motata."

Darcy ya miƙe. "Tun yaushe?"

"Tun asuba."

"A wannan ranar? Kai da kake hana ni barin waya a ƙasa?"

Murfin but ɗin ba ya taɓuwa saboda zafi, sai da Sufeto ya sa hankici. Bas ɗin na kwance a kan tsohon bargo. Wuyanta ya lanƙwashe ya murɗe, katakon saman ya ɗago inda gam ya narke. Darcy ya ɗauke ta ya taɓa tsirkiya ɗaya. Ta yi wani zuu, ta mutu.

Sufeto ya buɗe wa Fraser ƙofar baya ta motar 'yan sanda. Bai sa masa ankwa ba, ya ce zafi ya yi yawa. Kafin ya shiga, Fraser ya juyo.

"Darcy, ka kashe lasifikar kafin ka kulle."

"Da me zan kulle?" in ji Darcy.

A caji ofis Sufeto ya cike rahoton a layi huɗu. Abin da aka yi asara: kwaɗo ɗaya, bas ɗin hagu ɗaya da mai gyara ya ce ba za ta miƙe ba, wasan Asabar, da ƙungiya ɗaya ta mutum uku. Wayar tana nan a ƙusarta, lafiya lau.