Wayar da ke Ƙarƙashin Kujerar Mama

Tsohuwar motar Baba ce ta haɗa su. Ta mutu daidai ƙofar wani gareji, kamar ta san inda za ta faɗi. Auta tana zaune a baya, rungume da littattafan ɗalibanta, sai ga wani saurayi mai gyaran wayoyin mota ya duƙa ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wani ɗan abu kamar haƙori.

"Fiyus ɗin famfon mai ne ya ƙone, Baba."

"Na sani. Naɗa masa waya mu tafi."

"Ka yi haƙuri, ba zan naɗa ba. Fiyus yana ƙonewa ne don kada motar ta kama da wuta. In na toshe masa baki, wa zai yi mana ihu?"

Baba ya harare shi ta saman tabarau. "Yaro, motar nan ta girme ka."

"Shi ya sa nake girmama ta."

Dariya ta kuɓce wa Auta. Ya ɗago, suka haɗa ido, ta yi sauri ta sunkuyar da kai. Ya sa sabon fiyus, ya rubuta lambarsa a jikin kwalin. Baba ya wurga kwalin baya, ya faɗo a cinyarta. Ba ta yar ba.

Sai da ta yi kwana tara kafin ta iya rubuta masa: "Injiniya, marar lafiyarka ta sake suma."

"Malamata, ke nake jira ki tuna da ni, ba ita ba."

Daga nan hira ta yi tsawo. Ita ba mai yawan magana ba ce, amma shi ya iya sauraro, yadda yake kasa kunne ya ji kukan famfo kafin ya taɓa komai.

Da ya turo kawunsa, Baba ya ce a'a. "Wanda ya musa mini a kan motata, ina ga a kan 'yata?" Dama akwai ɗan amininsa, wanda ake kira Manaja, da ya daɗe yana zarya. Shi ne ya sa wa motar babban fiyus, ya ce an gama. Ranar da ya zaga da su gari don gwaji, Injiniya ya hango su. Kwana huɗu wayarta shiru, sannan saƙo ya shigo:

"Na ga an samo wa motar sabon likita. Allah ya sanya alheri."

"Kishi bai yi maka kyau ba. Babban fiyus ya sa. Ta daina mutuwa, amma ina jin ƙaurin roba."

"Don Allah kada ki ƙara shigarta."

"Akwai abin da na lura da shi. Ba ta taɓa mutuwa in Baba shi kaɗai ne. Sai in na zauna a baya, ta dama, aka faɗa rami."

"Wayar famfon ta ƙarƙashin kujerar nan ta bi. Malamata, kin riga ni gano ciwon."

Auta ta daɗe tana kallon saƙon. Nan ne wurin zaman Mama. Shekara huɗu da rasuwarta, Baba bai yarda ko mai wankin mota ya ɗaga kujerar ba.

Da safe ta same shi yana goge gilashi. "Baba, in motar ta kama da wuta, har da kujerar za ta ci." Ya ci gaba da goge gilashin. Can ya ce, "Kira shi."

Injiniya ya zo, ya gaishe shi, sannan ya nemi ruwa da sabulu. Sai da ya wanke hannunsa tas, ya shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a ƙasa, kana ya ce, "Baba, da izininka. Ko kai za ka kama wancan gefen?"

Tare suka ɗaga. Ƙarfen kujerar ya lotsa daidai inda Mama ta yi shekaru tana zama, ya cinye rigar wayar, gefen soson har ya fara baƙi. Kusa da wurin akwai ɗan kunne guda. Injiniya ya ɗauka, ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya koma kan aikinsa bai ƙara ɗagowa ba.

Ya canza wayar, ya kauce da ita daga ƙarfen, ya mayar da ƙaramin fiyus. Da ya murza makulli, famfon ya yi ɗan kukansa siriri.

"Ba ka miƙe ƙarfen ba," in ji Baba.

"Wayar ce ya kamata ta matsa, Baba. Wurin nata ne."

Baba ya juya ɗan kunnen a tafinsa. "Har yanzu kana da musu?"

"In a kan wuta ne, ina da shi."

"To, ka ce wa kawun naka ya dawo."

Ranar biki abokan ango suka jero sababbin motoci, Baba ya ce ba wadda za ta ɗauki 'yarsa sai tasa. Auta ta zauna a baya, ta dama, ɗan kunnen Mama ƙulle a bakin mayafinta. Suka faɗa rami uku, motar ko tari ba ta yi ba.

A ƙofar gidan ango, Baba ya kashe mota. "Allah ya yi muku albarka," ya ce. "In wani abu ya ƙone a tsakaninku, kada ku naɗa masa waya. Ku nemi inda yake ciwo."