Lemon da Ya Nutse a Gaban Baba

Ranar da ta fara koyarwa, hayaniyar ajin da ke kusa da nata ta hana ta jin muryarta. Ta ajiye alli ta leƙa, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. An ture tebura jikin bango, allo ko harafi babu, ɗalibai sun zagaye bokitan ruwa suna gardama. Malaminsu yana tsugunne a cikinsu, hannun rigarsa sharkaf.

"Innalillahi! Malam, aji ne wannan ko wurin wanki?"

Ya ɗago yana murmushi. "Abin da ke nutsewa suke ganowa. In na faɗa musu, gobe sun manta. In suka ɗora a kan abin da suka sani, ya zama nasu."

Tun daga ranar ta laƙaba masa Mai Bokiti, shi kuma yana ce mata Sarauniyar Allo. Kafin zangon karatu ya ƙare, zuciya ta yi nisa.

Sai dai mahaifinta ne shugaban makarantar. Shekara talatin yana sa yara kwafar rubutu, su haddace abin da ba su gane ba, a tafa musu, kowa ya tafi gida hankali kwance!

"Wannan mai wasa da ruwan?" in ji Baba, da ya ji wanda take so. "Ga mataimakina nan da ya dace da ke, littafin darasinsa tsaf. Ranar Litinin zan shiga ajin mai wasa da ruwan nan da kaina. In shirme na gani, ya bar min makaranta, ke kuma ki bar zancensa."

Ta tura masa saƙo: "Mai Bokiti, kafin in ja da Baba, faɗa min. Kana sona?"

Amsa ta shigo: "Ke me kika lura da shi zuwa yanzu?"

Ta zaro ido. "Au, ni ma ɗalibarka ce? Riƙe amsarka!" Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba.

Ranar Litinin Baba ya zauna a bayan aji fuska a murtuke, ita kuma ta laɓe a taga. Mai Bokiti ya ɗaga lemo biyu, ɗaya da ɓawonsa, ɗaya ɓararre.

"Wanne zai nutse? Kowa ya faɗi nasa. Har da kai, ranka ya daɗe."

"Wannan ma tambaya ce? Mai ɓawon mana, ai shi ya fi nauyi," in ji Baba.

Aka jefa su. Mai ɓawon ya taso yana lilo, ɓararren ya tafi ƙasa tsundum. Baba ya saki baki.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, iska ce a cikin ɓawon, kamar jarkar da ba komai a ciki."

"Wa ya faɗa miki?" in ji Baba.

"Babu kowa. Na matsa shi cikin ruwa, na ga kumfa."

Baba ya daɗe yana kallonta. Can ya naɗe hannun riga. "Ku miƙo min wani lemon."

Mai Bokiti ya sulale ya nufi taga. "Sarauniyata, na yi kuskure. Wannan amsar faɗarta ake yi. Ina sonki."

"Sai yanzu?" ta ce, tana share hawaye tana dariya.

Ranar aurensu Baba ya dafa kawunansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu tambaya." Ya juya ga ango. "Kai kuma in ta tambaye ka, ka ba ta amsa."