Makafin Macizai a Cikin Kwalba

Akwai wata yarinya mai son kiwo kamar me. Sai dai gidan haya suke, kuma mai gidan ya hana kyanwa, ya hana tantabara. Kullum ƙawarta sai ta ba ta labarin zomonta a aji. Abin yana ƙona mata rai.

Ran nan tana wanke-wanke a gindin famfo, sai ta ɗaga wani bulo. Ta ga wasu abubuwa biyu, sirara, baƙaƙe, suna ƙyalli.

"Mama, zo ki ga tana!"

Mama ta leƙo. "Ba tana ba ce. Makafin macizai ne. Ba sa cizo, ba su da dafi. Mayar musu da bulonsu."

Ina! Mama na juya baya ta kwashe su. Ta sa su a tsohuwar kwalbar zuma, ta huda murfin. Ƙasa kaɗan ta zuba, don kada su ɓuya ta daina ganinsu.

Yayanta ya gani, ya tuntsire da dariya. "Auta, igiyar takalmi kike kiwo?"

"Nawa ne dai. Kai ko ƙuda kana da shi?"

Ta ba su burodi. Ta ba su madara. Ko kusa da abincin ba su je ba. Sai cusa kai suke yi a gindin kwalbar, suna neman wurin shiga.

Washegari ta tari Malamar kimiyya. "Malama, me makahon maciji yake ci?"

"Ƙwan tururuwa. Yakan shiga gidansu ya ci, ya fice kafin su taru masa. Kin kama ne?"

"A'a, Malama."

"To, in kin taɓa kamawa, ki sake shi. Ba ya rayuwa a tsare."

Yarinyar nan ƙwan tururuwa kawai ta ji. Sauran maganar ta bi iska.

Tana komawa gida ta ɗauki cokali, ta tona gidan tururuwa a bayan ɗaki. Ta kwaso ƙwai da iyayensu duka, ta juye a kwalbar. Ta murɗa murfin gam, ta tafi aike tana tsalle.

Da ta dawo, kwalbar ta yi baƙi ƙirin. Tururuwa sun lulluɓe macizan. Ɗaya yana ta murɗewa. Ɗayan ko motsi ba ya yi.

"Mama! Wayyo, Mama!"

Mama ta zo a guje. Ta juye kwalbar a roba, ta yayyafa ruwa, ta share tururuwan da tsinke. Ɗaya ya tsira. Ɗayan ya riga ya mutu.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ni fa abinci na ba su!"

"Kin ba su abinci, kin rufe musu hanyar gudu," in ji Mama. Ranta a ɓace yake.

"Ko ƙara ba su yi ba, Mama."

"Da wace murya? Ba sa gani, ba sa kuka. Ke ce mai ido, ke ce mai kunne. An faɗa miki, kin ƙi ji."

Wannan maganar ta fi bulala zafi. Yayanta mai tsokana ne ya haƙa ɗan rami, suka binne mataccen.

Da safe yarinyar ta sa wanda ya tsira a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta kai wa Malama. Kanta a sunkuye.

"Malama, jiya ƙarya na yi. Biyu na kama. Na kashe ɗaya."

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannunta, suka tafi lambun makaranta. Suka sami inuwa mai laima da ruɓaɓɓen ganye. Yarinyar ta ajiye shi a hankali. Ya tsaya jim, sannan ya cusa kai, ya sulale cikin ƙasa.

"Kin san ba za ki sake ganinsa ba?" in ji Malama.

"Na sani, Malama. Amma yana da rai."

Sai a lokacin ta yi murmushi, hawaye na bin kumatunta. Daga ranar ta gane cewa ba kowace dabba ake tsarewa ba. In kana son abu mai rai, ka bar shi inda zai rayu, ko da ba za ka riƙa ganinsa ba.