Rafin Da Darla Ta Rufe

Ranar da motar gidan ƙyanƙyasar kifi ta jiha ta tsaya a bakin gonar Orrin Kauffman, 'yarsa Darla ce ta farko a layin masu ɗaukar bokiti. Haka ake yi duk ƙarshen sanyi. Mota ta kawo kifin tirawut, irin na ruwan sanyi, mutanen gari su taya zubawa a rafi, a bar shi ya huta har ranar buɗe kamu.

Sabon direba ne a saman tankin. Ya cika mata bokiti ya miƙo, sai wani kifi ya buga wutsiya ya watsa mata ruwan sanyi a fuska. Direban ya kwashe da dariya.

"Au, dariya ma kake yi?"

"Yi haƙuri, 'yammata. Kifin ne bai iya gaisuwa ba."

Darla ba ta barin ta kwana. Ta je ta juye kifin, ta ciko bokitin da ruwan rafi, ta dawo ta sheƙa masa a ƙirji. Ya tsaya yana ɗiga, murmushi bai bar fuskarsa ba.

"Sunana Wendell," ya ce. "In haka kike ramawa, gobe ma zan sake tsokanarki."

Kafin ganye ya gama fitowa, soyayya ta yi musu kamun kazar kuku. Shi yana ce mata Fitinanniyata, ita tana ce masa Direbana.

Matsalar ɗaya ce, Wendell ɗan Clyde Shaffer ne. Tun Orrin da Clyde suna samari, wata ranar buɗe kamu, wani babban kifi ya kama fatsar Orrin, Clyde ya jefa fatsarsa ta kan tasa, igiyoyi suka sarƙe, kifi ya tsere. Orrin bai yafe ba. Kifin ma kowace shekara ƙara girma yake yi a bakinsa.

"Ɗan Clyde?" ya ce da ita. "Ko shi kaɗai ya rage a duniya, ba da yawuna ba!"

"Baba, ko haifarsa ba a yi ba lokacin."

"Jinin ai ɗaya ne. Su sarƙe mini fatsa, su zo su sarƙe mini 'ya?"

Da shekara ta zagayo, Wendell ya turo mata saƙo:

"Fitinanniyata, akwai wata ƙatuwar kifanya ruwan zinariya da nake ware wa abinci tun bara. A gurbinku zan sa ta. In Baba ya kama ta, wataƙila zuciyarsa ta yi sanyi."

Darla ta rungume wayar. Kifi ruwan zinariya ba shi da yawa, kuma a garin nan inda direba ya sauke babba, to an san inda zuciyarsa take.

Ana cikin haka sai ga hoto yana yawo a wayoyi. Brandi ce, wadda ubanta ke da shagon sayar da ƙugiyoyi da tanar kamun kifi a gindin gada, wadda ke bin Wendell da ido tun suna makaranta. Ga ta riƙe da bokiti, kifi rawaya a ciki, ga Wendell a bayanta. A ƙasa ta rubuta: "Direba ya san inda zinariya ta dace."

Darla ta ƙura wa hoton Wendell da Brandi ido. Ba ta kira shi ba, ba ta tambaya ba, ta toshe lambarsa. Kuka ma bai zo mata ba, so take kawai ya ji abin da ta ji.

"Baba, ina allunan nan naka?"

Orrin ya daɗe da sayen allunan hana kamun kifi, bai dai taɓa samun ƙarfin halin kafa su ba. Kowa ya san doka, jiha ba ta zuba kifi a ruwan da mai gona ya rufe wa jama'a. Uba da 'ya suka bi bishiyoyin bakin rafi da guduma. Kowace ƙusa Darla ta buga, kan Wendell take gani.

Ranar da aka sa za a zuba nasu, mota ta zo ta tsaya. Ta taga ta ga ya sauko ya yi tsaye gaban allo. Ya koma mota ya yi oda, ya sake yi, ya daɗe yana kallon gidan. Masu bokiti suka watse suna tsaki. Da motar ta juya, Darla ta ce a ranta, "Na rama."

Daɗin bai kai yamma ba. Ta buɗe lambarsa don ta ga yadda yake roƙo, sai ta tarar da saƙonnin da aka tare.

"Wadda ke hoton ƙarama ce, kowane zango ana ba su ɗaya. Bokiti na miƙa mata kamar kowa. Taki tana nan."

"Ina ƙofarku, tana cikin tanki. Don Allah ki fito."

"Kifi ba ya jure daɗewa a tanki. Dole na juye su a buɗaɗɗen ruwa mafi kusa, gindin gada. Ta tafi, Darla."

Ta zauna daɓas. Ramin mugunta aka ce a gina shi gajere, ita ta zurfafa nata, da hannunta ta kai wa Brandi kyautarta har ƙofa. Ta kira shi.

"Direbana, na yi wauta."

"Ba kifin ne ya dame ni ba," ya ce a hankali. "Ko tambayata ba ki yi ba. Ki bar ni tukuna."

Ya kashe. A nan ne kukan ya zo, don ta gane tana gab da rasa shi. Kashegari Brandi ta saki sabon hoto, babbar tana iyo a gurbin gada: "Ta biyu ma ta zo gida."

Darla ta share hawaye. Ta ciccire allunan, ko da yake kifin bana ya riga ya wuce su, ta ɗauko sandar fatsarta.

Ranar buɗe kamu gindin gada ya cika maƙil, kafaɗa da kafaɗa, tunda an rasa rafin Kauffman. Orrin ma da gurbinsa ya zama fanko ya raɓe can ƙarshen layi, ba mai ko gaishe shi. Darla ta kutsa ta tsaya daidai ƙofar shagon.

"Sannu da zuwa!" Brandi ta ɗaga murya. "Masu rufe rafi an zo cin arziƙin namu?"

"Kayana na zo ɗauka."

"Kowa ma ita yake so, 'yar'uwa. Sai ki bi layi."

Aka busa usur, fatsu suka zuba a ruwa kamar ruwan sama. Kifanyar na nan tsakiya, rawaya kamar zinariya, ana ta jefa mata tana da cuku, ko kallo ba ta yi. Rana ta ɗaga, masu gajen haƙuri suka koma cin gasasshen nama. Darla ba ta motsa ba, ƙafafunta sun sandare a ruwan sanyi. Ta hango Wendell a kan gada, hannu a aljihu, ta kau da kai don kunya.

Can sai sandarta ta lanƙwashe.

"Ku janye naku!" wani ya yi ihu. Kifanyar ta yi ƙasa, ta yi sama, ta nufi duwatsu. Darla na ja tana saki, kuma ba ta zo da komar ɗago kifi ba. Sai ta ji faɗuwar mutum a ruwa. Wendell ne, da takalminsa da komai, ya fizgi komar wani ya tare kifin ya ɗago.

Suka tsaya cikin ruwa suna haki.

"Ka yafe mini?"

"Tun safe nake kallonki kina daskarewa. Haushina ya ƙare tun ɗazu, Fitinanniyata. Amma nan gaba ki tambaye ni."

"Zan tambaya. Sannan in rama."

Ta fito da kifin a hannu, ta miƙa wa Brandi wayarta.

"Ɗauke mu hoto, tunda ke ce gwana. Ki tabbata shagon ya fito."

Jama'a suka bushe da dariya. Brandi ta ɗauka, fuska kamar an aiko mata da mutuwa, ta shige shago ta banko ƙofa.

Wendell bai bari ƙarfe ya huce ba. Ya je gaban Orrin yana ɗiga, ya cire hula.

"Mista Kauffman, ina neman auren Darla."

Orrin ya dubi 'yarsa, wadda ta hana gari guda kifi saboda hoto ɗaya. Ya dubi Clyde, wanda ke gefe yana washe baki. A hankali murmushi ya bayyana a fuskarsa.

"Na ba ka," ya ce. "Clyde! Shekara da shekaru ina neman abin da zan yi maka, yau na samu. Ga ta nan, surukarka ce. Ka ɓata mata rai sau ɗaya ka gani."

Dariyar Clyde ta tsaya cak.

Da rani aka ɗaura auren a ƙaramar cocin garin, aka yi walima a bakin rafi. Fasto ya sa albarka, tsofaffin biyu suka ce amin kowa na hararar ɗan'uwansa. Wendell ya riƙo hannun amaryarsa ya raɗa mata, "Kin ji dai, makami aka mai da ke."

"To ka bi ni a hankali, Direbana."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma ba Clyde haƙuri.